Tambaya Da Amsa: Shekara Uku Muna Jiran Ɗaurin Auren Nan

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah wani abu ne ke ci min tuwo a ƙwarya, akwai wani fim mai dogon zango da nake bi tun ina da cikin yarona na biyu, yanzu yaron har an yaye shi ya fara bin yayarsa Islamiyya amma har yau saurayin nan bai auri yarinyar ba, kullum sai an sa rana wani abu ya ɓullo, ga kuɗin data duk sati. Babanmu in ya tarar muna kallo sai ya ce wannan ai shirme ne, wasa an yi shi zamanin Samanja. Da gaske na da sun fi ko tsufa ne ke damun sa?
Maman yara biyu, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai ki je ki ba Baba haƙuri kan maganar tsufan nan, toh.

Baba yana da gaskiyarsa amma ba duka ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a Kaduna a 2023, tsohon soja ne na gaske kuma abin da ya sa wasansa na NTA Kaduna ya zauna a zuciyar mutane shi ne kowa ya san halinsa tun kafin ya buɗe baki, ga Hausar bariki ga muzurai, rigimar da aka ɗauko a daren nan a daren ake kashe ta kowa ya je ya kwanta. Ba a bar ki da bashin labari ba. Samanja bai buƙatar ya canza, canzawar ma ɓata shi za ta yi.

Na yanzu kuwa wata sana'ar ce daban. Kasuwar faifan fim ta Ƙofar Wambai a Kano ta mutu, masu tura fim a waya sun kwashe cinikin, Arewa24 ta zo a 2014 ta kuma kawo su Daɗin Kowa, sannan a 2020 lokacin kullen korona kowa na zaune a gida Labarina da Izzar So suka fito, daga nan fa duk mai kyamara ya koma YouTube. Shi kuma YouTube yawan masu kallo da talla ne ke kawo kuɗi, ga masu atamfa da filaye da maganin gargajiya da suka biya a saka su a tsakiya, kin ga kenan ranar da aka ɗaura auren nan ranar kasuwa ta watse, wa zai yanka kazar da ke masa ƙwai? Shi ya sa za ki ga an nuno gadar sama daga jirgi mara matuƙi, an nuno mota ta yi hon, maigadi ya taso yana jan ƙafa ya buɗe get, an fito an shiga falo an gaisa har da ya gajiya ya mai jiki, sai kuma jaruma ta jingina da filo ta tuno abin da muka gani makon jiya da idonmu. Minti goma sun tafi ba a ce komai ba.

Ni fa tafiyar hawainiya ba ta dame ni ba, a zauna a yi hira mai daɗi ta minti biyar ina so. Abin da ke ƙona min rai shi ne a wahalar da mutum zango huɗu, an sace shi an ɗaure shi uwarsa ta rasu, amma ya fito yadda ya shiga kamar ruwa ya bi ta bayan agwagwa, muguwar kishiya tana nan da hararar ta ta kashi na ɗaya, ko sau ɗaya ba a nuna mana abin da ya mai da ta haka ba. In ka ɗauke mu tafiya mai nisa dole mutanen ciki su girma ko su lalace a gaban idonmu. Wani lokacin kuma ba marubuci ne da laifi ba, ana ɗauka ana rubutawa, jarumi ya yi fushi ya fice sai a tura shi karatu ƙasar waje ko a haɗa masa hatsarin mota.

Batun Baba kuma, ki tambaye shi a gidan wa ya kalli Samanja. Zan iya rantsuwa zai fara ba ki labarin maƙwabcin da ke da talabijin mai fari da baƙi shi kaɗai a layin, yara cike da tsakar gida kan tabarma ana jiran tasha ta buɗe da yamma ana addu'ar kar NEPA ta ɗauke wuta, zai lissafo miki abokan da suka rasu kafin ya tuna abin da ya faru a wasan ma. Rabin abin da yake kewa kenan, ke kuma kina kallon naki ke kaɗai a waya da abin kunne.

Ga gwaji, ki tsallake kashi huɗu cif ki dawo a na biyar. In kin gane komai ba ki tambayi kowa ba, ki riƙe kuɗin datarki ki saya wa yaron nan takalmin Islamiyya. In an ɗaura auren kuma ki turo min, zan zo da ankona.