Tambayi Likita: Kula da Haƙori ga Mai Yini a Waje

Tambaya: Likita, Keke Napep nake ja a Gombe, daga asuba har isha ina kan titi. Ta yaya zan kare haƙorana?

Amsa: Malam, gogewa sau 2 ta ishe ka, da safe da kuma kafin barci, minti 2 da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. Ka tofar, kada ka kuskure baki da ruwa bayansa. Ɓarnar rana daga kurɓe-kurɓe take: shayi a tasha, lemon kwalba da azahar, alawa don korar gyangyaɗi. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cuta na mai da shi tsami mai cin haƙori, yawu kuma na buƙatar kusan rabin awa kafin ya wanke shi. Ka haɗa zaƙin da abinci lokaci guda, ka bi da ruwa. In kwaɗayi ya taso, gyaɗa ta fi alawa.

Tambaya: Asuwaki ya wadatar?

Amsa: Yana da amfani, ka riƙe shi a aljihu. Amma da dare sai buroshi da mai.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce daga Kumo. Haƙorina ya yi kogo, ba ni da lokacin asibiti. An ce tsutsa ce, in ɗiga ruwan batir.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki kuskura! Babu wata tsutsa a haƙori. Kogon nan ruɓewa ce, zogin kuwa alama ce ta kusa kai wa jijiya. Ruwan batir guba ne, yana ƙona dasashi da harshe, in ya sauka maƙogwaro ya ƙona shi ma. Haka fetur, haka danna ƙwayar asfirin a kan dasashi. Abin na ci mini rai, domin mutum kan zo mana da baki a saɓule alhali ciko kawai yake buƙata tun farko.

Ko ciwon ya lafa, ba warkewa ba ce. Wani lokaci jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙarƙashi. Ki sha farasitamol, ki kuskure da ruwan ɗumi mai gishiri, sannan ki bar wa wani shagon ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe cikin makon nan. Idan kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya shiga, ko haɗiya ta yi wuya, a ranar za ki tafi, ko da dare ne. Kada ki jira ranar kasuwa ta wuce, Hajiya.