Amsa ga mai tambaya kan Birnin Kudu

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa an turo ka bautar ƙasa Birnin Kudu kuma wai wasu sun ce maka ba komai a garin sai zafi da duwatsu. To wallahi duwatsun nan da suka raina su ne abin da ya kamata ka fara nema. Ni a can na yi karatu kuma har yanzu ina da dangi a wajen, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Daga Kano mota za ka shiga ta Wudil, ku wuce Kwanar Huguma, kamar awa biyu ne in direba bai yi ta tsaye-tsaye ba, hanyar ita ce ta zarce Babaldu har Ningi ta Bauchi. Da can ƙasar Kano ce, sai 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa ta koma can, yanzu tana ƙarƙashin masarautar Dutse, hakimin kuma Sarkin Kudu ake ce masa. Ƙaramar hukumar ba ƙarama ba ce fa, a ƙidayar 2006 ma ta haura mutum dubu 300, akwai su Sundimina, Wurno, Kantoga, Kangire da Bamaina garin Sule Lamido wanda ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015.

Yanzu maganar duwatsu. Akwai Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, a jikinsu a ƙarƙashin inda dutse ya yi rumfa akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi, wasu da ja wasu da fari, kuma in ka lura da kyau shanun ba su da tozo, ba irin farin shanun Fulani da muka saba gani a ruga ba ne, wasu dogon ƙaho wasu gajere, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa zanen ya daɗe ƙwarai tun da irin shanun nan ba ka ganinsu a yankin yanzu. A shekarun 1950 wani Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu, daga baya gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Sannan akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, za ka ga gurbin da hannun mutane ya lotsa saboda yawan bugu, tsofaffi suna ba da labarin cewa da amare har can ake kai su ana kiɗa kafin a kai su ɗaki. Ni abin da ke min ciwo shi ne yara da yawa 'yan garin ba su taɓa zuwa ba, wasu kuma in sun je sai rubuta suna da gawayi a kusa da zanen. Don Allah in ka je kar ka shafa, kar ka watsa ruwa wai don ya fito a hoto. Ka nemi mai kula da wajen ko wani dattijo ya raka ka, da sassafe, ka sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da macizai musamman da damina.

Sauran abubuwa, akwai tsohuwar kwalejin gwamnati inda Aliko Dangote ya yi karatu, akwai asibitin tarayya FMC da makarantar koyon aikin jinya, saboda haka maganar lafiya ka kwantar da hankalinka. Mutanen garin manoma ne, gero, dawa, gyaɗa, riɗi, ga shinkafa a fadama. In ka isa ka sa shugaban makarantar da aka tura ka ya kai ka gaisuwa wurin mai unguwa tun a satin farko, daga nan komai kake nema za a nuna maka. Allah ya sa a gama lafiya.