Amsa ga ɗan'uwan da sabuwar motarsa ta sake masa a kan hanya

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka sau biyu kafin in iya rubuta komai, domin abin da ka bayyana shi ne ya same ni kusan daidai wa daida. Ka ce motar ba ta kai wata shida a hannunka ba, kana cikin tafiya ƙarfin injin ya zube, ka taka totur har ƙasa ba ta amsa ba, fitilar inji ta kama, amma da ka kashe ta ka sake tayarwa sai ta koma kamar babu abin da ya faru. Ka kai ta wurin dila, sun riƙe ta kwana biyu sun ce ba su ga komai ba, yanzu kana tambaya ko ka kai wa bakanikenka na gida. Amsata a taƙaice ita ce kada ka bari kowa ya kwance ko da noti ɗaya a wajen garejinsu, amma kuma kada ka sake miƙa musu makulli hannu rabbana kamar yadda ni na yi har sau biyu.

Tawa ta yi mini ne tana da kilomita dubu huɗu da 'yan kai, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, tsakanin Jere da Tafa, a lokacin da ake aikin hanya aka haɗe motoci masu zuwa da masu komawa a hannu ɗaya. Mahaifiyata tana gaba, za mu kai ta ganin likita, mai ɗakina da yara biyu suna baya. Na daɗe a bayan wata tirela mai ɗauke da siminti, da na ga gaba ta buɗe sai na fita zan wuce ta. Na kai daidai tsakiyarta ke nan sai na ji motar ta saki, kamar wanda aka riƙe wa riga ta baya. Injin bai mutu ba, yana ci, amma allurar juyin inji ta ƙi wuce dubu biyu da ɗari biyar, gudun kuma yana raguwa, ga tankar mai ta bullo daga gaba tana haska mini fitila. Ba zan iya wuce tirelar ba, komawa bayanta kuma wata bas ta riga ta cike gurbin da na bari. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. Direban bas ɗin nan, Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake, shi ya fahimci halin da nake ciki ya taka birki ya ba ni wuri na kutsa. Da na samu gefen hanya na tsaya, ƙafata ta dama tana rawa har na kasa fitowa daga motar. Hajiya ba ta ce komai ba sai jan carbi, ƙaramar 'yata kuwa ta yi ta kuka tana cewa a koma gida. Har yau idan na bi wurin nan sai na ji gabana ya faɗi, kuma mai ɗakina ta yi wata uku ba ta yarda ta shiga motar idan tafiyar ta wuce cikin gari.

Abin da ya faru da ni, kuma ina kyautata zaton da kai ma, shi ne kwamfutar motar da kanikawa ke kira burenbos ta ga wani abu da bai yi mata daidai ba, sai ta rage ƙarfin injin da gangan don kada ya lalace. Duk lokacin da ta yi haka tana ajiye lambar matsalar a cikinta, tare da bayanin yanayin da motar take ciki a daidai wannan lokacin: gudu nawa, zafin inji nawa, juyin inji nawa. Wannan lamba ita ce shaidarka, kuma ita ce abin da aka share mini.

Washegari na kai motar, wani matashi mai fara'a ya karɓe ta, na ba shi labari duka, ya rubuta kalmomi uku ko huɗu a katin aiki. Bayan kwana biyu aka kira ni aka ce an duba, lafiyarta ƙalau, an ma wanke mini ita. Na tambayi lambar da suka gani, sai aka haɗa ni da manajan sashen gyara, mutumin da har yanzu ina roƙon Allah Ya cire mini haushinsa. Ko kujera bai nuna mini ba. Yana danna wayarsa ya ce ai matsalar mai ce, mu mutanen da ke yawan tafiye-tafiye muna shan mai a ko'ina, har wurin 'yan bumburutu, sannan mu zo mu ɗora wa mota laifi. Na ce masa tun da na sayi motar ban taɓa zuba mata man galan ba. Ya yi murmushi ya ce kowa haka yake faɗa. Na ce to a ba ni takardar abin da kwamfuta ta nuna, ya ce sun riga sun share, ai tunda fitila ta mutu magana ta ƙare. Mutumin nan na gaya masa mahaifiyata tana cikin motar, tanka ta kusa bi ta kanmu, bai ko ce Allah Ya kiyaye gaba ba. Ranar da na zo biyan kuɗin motar kuwa, a wannan ginin aka kawo mini shayi da ruwan sanyi, ana ta ranka ya daɗe.

Ba na cewa zancen mai ƙarya ne a kowane hali. Duk wanda ya tuƙa mota a farkon 2022 yana tune da fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan mai yawan sinadarin methanol, wanda ya ɓata wa mutane da yawa injuna. Gurɓataccen mai ko mai ruwa yana iya sa mota ta yi irin wannan. Amma wanda ya ce mai ne, sai ya ɗebo daga tankin a gabanka, ya zuba a kwalba mai haske, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Ka nemi su yi haka. Kai ma daga yau ka riƙa karɓar rasit a gidan mai kana ajiyewa, kuma ka tsaya a gida ɗaya ko biyu da ka yarda da su, domin rasit ɗin nan su suka rufe bakin manajan a karo na uku.

Bayan mako uku ta sake yi mini a hawan gada cikin gari, da rana tsaka, tankin ya yi ƙasa da kwata. Na sake kai ta, aka canza matatar iska, aka ce in biya domin wai ba ta cikin garanti, na biya saboda na gaji. A nan ne wani abokin aikina ya ba ni aron ƙaramar na'urar karanta lambobi, irin wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, a wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD, ta haɗu da waya. Ka sayi taka, ba ta da tsada idan aka kwatanta da kuɗin motar. Karanta lamba ba ya canza komai a cikin motar, amma ina gargaɗinka da babbar murya, kada ka danna wurin sharewa. Da ta yi mini karo na uku, na tsaya a gefen hanya, ban kashe injin ba sai da na ɗauki bidiyon fitilun da suka kama da allurar inji da adadin kilomita, sannan na karanta lambar: P0087, wadda ke nufin matsin mai da ke zuwa inji ya yi ƙasa. Taka tana iya zama daban. P0300 tana nuna injin yana tsallake wuta, wanda sau da yawa fulogi ne ko kwil. P0299 ta motoci masu turbo ce idan iskar da yake turawa ta gaza, P2135 kuma ta shafi na'urorin da ke auna buɗewar totur. Alamar a wurin direba kusan iri ɗaya ce, shi ya sa zato ba ya amfani.

Wani abu da bai kamata in manta ba: idan fitilar inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, ko jar fitilar baƙin mai ta kama, ko allurar zafi ta haura, kada ka lallaɓa da ita zuwa gida. Ka kashe ta ka kira janwe, ka kuma kira dilan su san da zancen, domin wasu garantin sun haɗa da janyo mota. Kuma don Allah, kafin a gano matsalar, ka daina wuce manyan motoci a hanya mai hannu ɗaya, ka daina tafiyar dare da iyali.

A karo na uku ban je da baki ba, da takarda na je. Na rubuta wasiƙa ga shugaban kamfanin dilan, na jera ranakun da abin ya faru, wurin, adadin kilomita, yawan man da ke tanki, lambar da na karanta, da kwafin katin aiki na zuwa biyun farko da rasit ɗin mai. Na kai kwafi biyu, na sa aka buga hatimin karɓa a ɗaya na riƙe. A ƙarshen wasiƙar na ce idan ba a warware ba cikin mako biyu zan kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, in kuma rubuta wa ofishin kamfanin da ya ƙera motar. Na kuma nemi a haɗa ni da bakanikensu mu fita gwaji tare, da na'urarsu a jone, da rana, a hanya mai hawa, ba zagayen layi ɗaya da safe da injin sanyi ba. Wani dattijon bakanike aka ba ni, mutumin kirki, wanda tun a hanya ya ce mini shi ba a taɓa nuna masa motar ba a zuwana biyu na baya. Ba mu yi minti arba'in ba matsin man ya faɗi a gabansa. Famfon mai na cikin tanki ne yake gazawa idan ya ɗau zafi, musamman idan man ya yi ƙasa, tunda man ne yake sanyaya shi. Sun ce babu kayan a ƙasa sai an yi oda, motar ta kwana goma sha tara a wurinsu, na nemi motar aro aka ce babu, na yi ta hawa tasi da kuɗina. An canza famfon a garanti ban biya ko kwabo ba, amma manajan nan bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ranar da na zo ɗauka ma aike ya yi a ba ni makulli.

Game da bakanikenka na gida, ka iya zuwa da shi ya tsaya ya saurara, ya taimaka maka da tambayoyi, wannan ba laifi ba ne. Amma ranar da ya yanke waya ko ya buɗe tanki, ka ba su hujjar da suke nema su ce garanti ya faɗi. Ka buɗe littafin garantinka ka karanta sharuɗɗan da kanka. Nawa shekara uku ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, kuma da sharaɗin a yi kowane sabis a wurinsu a kan lokaci. Ka duba ko an buga maka hatimin sabis na farko. Ka kuma ba su lambar shasin motar su bincika ko kamfanin da ya ƙera ta ya taɓa fitar da sanarwar gyara a kan irin taka, su ba ka amsar a rubuce.

Idan ka koma, ka sa su rubuta kokenka a katin aiki da kalmominka, ka karanta kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotonsa. Ka gaya mana lambar da ka samu, da yawan man da ke tanki lokacin da ta sake maka, da ko motar tana da turbo, sai mu ga inda za a dosa. Allah Ya tsare ka da iyalinka.