'Yata Ta Ce Sai Likitanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. 'Yata tana aji biyar a wata firamare ta gwamnati a Agege. Tun ranar da wata likita ta ziyarci makarantarsu, ta bar yara suka saurari bugun zuciyar juna da na'urarta, ba ta da zance sai likitanci, har ta zo ta biyu a jarrabawar wannan zango. Mahaifinta kuwa ya ce daga aji shida karatun boko ya ƙare. Yaya zan yi?
— Wata uwa, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki sami maigida lokacin da hankalinsa yake kwance, ki miƙa masa takardar sakamakon ya gani da idonsa, kada ki fara da gardama. Ki sanar da shi cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, wato har ƙarshen ƙaramar sakandare. Idan tarbiyya yake jiye wa, kuma a Legas ban ga laifinsa ba, ai Islamiyyar yamma tana nan. Sannan ki roƙi shugabar makarantar ta sake gayyato likitar ranar taron iyaye da malamai, ki lallaɓa shi ya halarta.