In riƙa gyara babur ɗina da kaina, ko in bar wa bakanike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Daura, kullum ina hawa Boxer zuwa wurin aiki a wajen Sandamu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga kuɗin gareji, kuma sai in kai gyaran abu bayan mako guda ya dawo. Na sayi sifanoni ina so in riƙa yi da kaina. Wani abokina ya ce in fara da sassauta birkin gaba, wai shi ke kayar da mutum. Da safe nakan ɗauki yarana biyu, shi ya sa nake tsoro. Me zan iya taɓawa, me zan bari?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaran. Akwai ayyukan da kai su gareji asarar kuɗi ce kawai. Juyen baƙin mai ka yi abinka: inji da ɗumi, babur a kan tsayuwar tsakiya, ka zuba abin da littafin babur ya ce, wanda a Boxer bai wuce lita ɗaya ba. Ka sayi na babur mai 20W-50, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robar, domin kulocin babur cikin man yake wanka, wani man motar kuma sa shi santsi yake yi. Notin juyen kada ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya, jikin injin alminiyam ne, zaren na cinyewa ka jawo wa kanka aikin da ya fi juyen tsada. Matatar iska ka riƙa dubawa akai-akai, musamman da hunturu, ƙurar hanyar nan ita ke cin ringi da fistin. Filogi, iskar taya, ruwan batir, duk naka ne. Cen kuma, wato sarƙar babur, ka bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3, kada ka ja ta tsam, tana cin sifaket.

Buɗe inji, saitin bawul, haɗa wayoyin wuta da wasa da kabureta, waɗannan ka bar wa mai sana'a. Masu matse kabureta don rage shan mai, abin da suka tara na fetur a wata uku shi suke kawo mana mu makanikai na bawul da ya ƙone.

To sai maganar abokinka, wadda ita ce ta sa na zaɓi tambayarka. Malam, kada ka saurare shi. A garejina a nan Katsina kusan babu ranar da ba a kawo mini babur da birkin gaba a mace ba. Wani an sassauta, wani an zare wayar gaba ɗaya, wani kuma sabon babur ne fil, ko ledar kujera ba a cire ba, amma an riga an kashe birkin. In ka tambaya sai a ce ai haka 'yan kabu-kabu ke yi. Abin haushin ma, wasu da ke kiran kansu makanikai su ke yi wa mutane wannan aika-aika har su karɓi kuɗi. Yaro ya yi wata shida yana wanke sifana, ya samu inuwar dalbejiya ya kafa benci, shi ke nan ya zama Oga.

Ga abin da ke faruwa idan ka taka birki. Nauyinka da na babur da na yaran duk gaba yake tafiya. Tayar gaba ta danne ƙasa ta ƙara kamawa, ta baya kuwa ta yi sakayau. Shi ya sa a kan kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawar babur daga tayar gaba yake fitowa. Wanda ya kashe birkin gaba ya zubar da mafi yawan birkinsa ke nan, ya rage da tayar da ba ta da nauyi a kanta a daidai lokacin da yake buƙatarta. Yana danna ƙafa da ƙarfi sai ta kulle, ta ja ƙasa, bayan babur ya wulƙita gefe. Wannan baƙin layin da kake gani a kwalta wurin haɗari, galibi na tayar baya ne, kuma inda layin ya ƙare nan aka yi karon.

Ka yi lissafi, kai malami ne. A gudun kilomita 60 a awa, babur na cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa huɗu yake yi. Yanzu ka ƙaddara akuya ta faɗo maka a hanyar Sandamu, ko amalanke ya fito daga gona, kana da yaro a kan tanki da wani a baya. Mitocin da birkin gaba zai rage maka su ne tsakanin ka tsaya ka yi salati da a kwashe ku zuwa asibiti.

Na san inda jita-jitar ta samo asali. E, birkin gaba na kayarwa, idan ka cafke shi lokaci guda, ko kan babur na karkace a kwana, ko kana cikin rairayi. Ƙasarmu kuwa rairayi ce. Amma laifin na hannu ne, wanda bai taɓa koyo ba ranar firgici zai damƙe. Maganin shi ne koyo: ka saki mai, ka fara jan hannun a hankali har ka ji gaban ya ɗan nutse, sannan ka ƙara matsewa, ƙafa na taimakawa, babur a miƙe. Cikin yashi ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka fi dogara da na baya, a hankali. Ka samu fili mai tauri bayan la'asar, kai kaɗai ba da yaran ba, ka yi ta gwadawa da ƙaramin gudu har hannunka ya saba.

Masu tsare hanya kuma za su tambayi takardu, su tambayi lamba, su duba rasit, amma ban taɓa ganin wanda ya miƙa hannu ya matsa birkin gaba ya ji ko yana kamawa ba. Abin da ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu.

Saitin birkin kansa kana iya yi. Hannun ya yi wasa kamar santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, kuma in ka ɗaga tayar ka juya ta tafi ba tare da gurzawa ba. Idan ka ɗaure notin har ƙarshe bai kama ba, shu ɗin, wato takalmin birkin da ke cikin taya, ya cinye, canji yake so, ƙarin ɗauri ba zai yi komai ba. Wayar da ta fara tsinkewa silli-silli a jefar da ita. Kada gilis ko baƙin mai su taɓa shu. Canjin farko ka kai wa bakaniken da ya san aikinsa, ka tsaya a kansa ka ga yadda yake mayar da sifirin da notin taya.

Game da gyaran da ke dawowa kuwa, sau da yawa kayan ne jabu. Ka riƙa sayo kayanka da kanka a shagon da ka yarda da shi, ka biya kuɗin aiki daban, kuma duk abin da aka ce an canja ka ce a ba ka tsohon a hannu kafin ka tashi.