Me ya sa farasitamol ke lalata hanta idan ya yi yawa?

Malam, ka tambayi yadda maganin ciwon kai zai iya kashe hanta. Hanta tana mayar da ɗan kaso na farasitamol, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, ya zama guba mai suna NAPQI. A ma'aunin da ya dace, sinadarin gulutatayon da ke cikin hanta yana kama gubar ya fitar da ita. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500.

In an zarce haka, gulutatayon ya ƙare. Sai gubar ta manne wa sunadaran maitokondiriya, waɗanda ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. Bangonsu na ciki ya buɗe, kuzarin ya yanke, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Tun 1973 aka nuna rawar gulutatayon a gwajin ɓeraye a Amurka.

Abin da ke rudar mutane shi ne ranar farko: tashin zuciya kawai, wani ma garau yake. Hanta sai bayan awa 24 zuwa 72 take nuna illa. Makarin gubar, asetilsistin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Don Allah in an sha fiye da ƙima, a garzaya asibiti nan take, a tafi da kwalin maganin da aka sha. A kuma duba maganin mura, da yawa akwai farasitamol a ciki.