Shin kwayar omega-3 tana hana ciwon mantuwa?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Babanmu ya haura 70, ya fara maimaita magana, abu daya sai ya tambaye ka sau uku. Yayana ya ce mu rika saya masa kwayar omega-3 wai tana hana gigin tsufa, kuma ga tsada. Da gaske ne? Mu ma yaran za mu iya sha?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar yayanki tana da tushe, amma masu talla sun kara mata gishiri sosai.

Omega-3 wani nau'in mai ne da jiki ke bukata daga abinci, kuma wanda ya fi shafar kwakwalwa a cikinsu shi ne DHA, don da shi ake gina fatar kwayoyin kwakwalwa. Ana samun sa a kifin teku mai maiko, irin su titus da sardin da shawa, har na gwangwani ma. Karfasa da tarwada suna da shi amma kadan. Waken suya yana da wani dan'uwansa ALA, sai dai abin da jiki ke iya juyawa ya koma DHA bai taka kara ya karya ba. Man gyadan da muke girki da shi kuwa omega-6 ne a ciki, omega-3 kusan babu, shi ma omega-6 din ba guba ba ne kamar yadda ake yadawa.

To daga ina maganar ta samo asali? A 2003 aka fitar da wani bincike da ya bibiyi tsofaffi a Chicago ta Amurka, aka ga masu cin kifi ko sau daya a sati hadarin kamuwarsu da cutar Alzheimer, wato wani nau'in ciwon mantuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. A 2006 binciken da aka yi a garin Framingham na Amurka ya nuna wadanda DHA ya fi yawa a jininsu hadarin kamuwarsu da ciwon mantuwa kowane iri ya ragu da kashi 47. Da jin haka kowa ya ce shi ke nan a dura man a kwaya a ba mutane, to nan fa aka sha mamaki. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a Amurka, mutum 402 masu Alzheimer, wasu na shan giram 2 na DHA kullum wasu kwayar da babu komai ciki har wata 18, ba a ga bambanci ba. A Faransa aka yi wani da tsofaffi sama da 1,600 tsawon shekara 3, sakamako ya fito 2017, nan ma babu wani abin a zo a gani. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar shan kwayar don kariya daga mantuwa.

Ni a ganina dalilin shi ne mai cin kifi shekara da shekaru yawanci sauran abincinsa ma ya fi kyau, yana motsa jiki, yana zuwa asibiti, kuma lalacewar kwakwalwa tana farawa ne tun shekaru da dama kafin a ga alama, don haka kwayar da aka fara sha bayan abu ya bayyana ta makara.

Ku yaran, kudin kwayar nan ku sayi kifi da shi, sau biyu a sati ya isa, a miya ko gashi ya fi a soya shi ya kandare. In kuma Baba yana shan maganin tsinka jini ko yana da matsalar bugun zuciya kar a ba shi kwayar sai likitansa ya sani, don yawanta yana iya jawo rikicewar bugun zuciya.

Abin da na fi so ki rike, ku kai Baba asibiti, kar a ce ai tsufa ne. A auna hawan jini da suga, a duba bitamin B12 da makoko, a duba kunnensa ma, don wani tsohon rashin ji ne ke sa shi maimaita tambaya. Wasu cikin wadannan ana maganinsu mutum ya dawo daidai. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya, kuma wanda ya fi zama da shi a gida ya raka shi don shi zai iya fadin yaushe abin ya fara.